Tsohuwar sitikar jirgin roba: a shanya ta, a shafe ta, ko a buga sabuwa?

Robar da ke cikin tsohon kwalin Airfix ko Matchbox, masu yin ƙananan jiragen roba da mutum ke haɗawa da kansa, ba ta cika tsufa ba. Kwalin da aka rufe tun 1975, in ka buɗe shi yau a Agege, fukafukai da ƙafafu da gilashin matuƙi duk suna nan yadda inji ya zubo su. Abin da ke mutuwa shi ne 'yar takardar nan da ake sakawa a ƙasan kwali, mai ɗauke da tutoci da lambobi da tambarin rundunar sama, wadda ake tsomawa a ruwa a zame hoton a ɗora a jikin jirgi. Sitikar ruwa ke nan. In ta lalace, jirgin da ka ɓata mako uku kana haɗawa zai tsaya tsirara, ba a san ko na wace ƙasa ba ne.

Hawa huɗu ce, ko da yake ido abu ɗaya yake gani. A ƙasa akwai takarda mai shan ruwa, a kanta gam mai narkewa wanda daga sitaci ake samo shi, sai tawada, sai wani siririn banish mara launi da ya riƙe tawadar wuri guda. Kowane hawa da irin cutarsa. Banish yakan koma ruwan ɗorawa, ko ya bushe ya tsattsage. Gam yakan mutu, ko ya farka tun ba a tashe shi ba. Tawada takan koɗe, takarda ta yi fumfuna ta nannaɗe. Shi ya sa in wani ya ce maka ga maganin tsohuwar sitika, fara tambayarsa wace cuta yake nufi, domin abin da ke wanke rawaya ba ya hana tsagewa, abin da ke hana tsagewa kuwa yana iya kulle rawayar a ciki.

Mu da ke Legas damuwarmu ta bambanta da ta mutanen Kano ko Sakkwato. Can bushewa ce ke cin sitika. Nan laima ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska a jiƙe take, gam ɗin sitaci kuwa ba ya bambance ruwan faranti da ruwan da ke cikin iska. Sai ya ɗan narke, ya kama siririyar takardar da aka rufa masa a sama, ya sake bushewa, ya sake narkewa, shekara da shekaru. Ga kyankyasai da ke son sitaci. Kuma yawancin kwalayen da muke tsinta a cikin kayan wasan yara na gwanjo, a Katangowa ko Aswani, sun riga sun sha zama a rufin ɗakin wani a Ingila, sun sha zafin kwantena a teku, sun jira a Apapa, kafin su iso hannunmu.

Abu biyu ne ba zaɓi a cikinsu, kowace hanya za ka bi daga baya. Na farko, ka kai takardar a ɗauke ta da sikana tun ba ka taɓa ta da komai ba. Ɗigo 600 a inci shi ne mafi ƙaranci, 1200 ya fi. Ka kwantar da rula a gefenta don a san ainihin girma, a adana hoton a PNG ko TIFF. Hoton waya ba ya wadatarwa, yana karkatar da da'ira ya mai da ita ƙwai. In mai shagon zai turo maka ta WhatsApp, ya turo a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton, ƙananan rubutun nan na gefen fiffike su zama dishi-dishi. Da wannan hoton a hannu, duk abin da ya faru daga baya kana da madogara.

Na biyu shi ne gwaji. Kusan kowace takarda tana da abin da ba ka buƙata: lambar kwali, ko tambarin ƙasar da ba ita za ka yi ba. Yanke shi, ka tsoma a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, na daƙiƙa goma zuwa ashirin, ka ajiye a kan tsumma ka jira. Sabuwar sitika cikin minti guda take sakin takarda, tsohuwa takan ɗauki mintuna da yawa, kada ka tura ta da yatsa. Abin da zai faru a farantin nan shi zai yanke maka hukunci. Ko ta zame lafiya lau, ko ta zame amma ta ƙi kama roba, ko ta ƙi sakin takarda sam, ko kuma ta tarwatse a kan ruwa kamar busasshen zogalen da aka murje. Tun kafin ruwa ma kana iya hango wannan na ƙarshen. Karkata takardar ga hasken taga, ka duba da gilashin ƙara girma. In ka ga siraran tsagu sun ratsa tuta, wasu ba su kai kaurin gashi ba, to banish ya riga ya mutu, takarda ce kawai ke riƙe da gutsattsarin.

Mu fara da hanyar da ba ta cin ko kwabo, wato shanya. In cutar rawaya ce kaɗai, hasken rana yana wanke ta. Ana saka takardar a leda mai zif, a manna a jikin gilashin taga daga ciki, fuskar hoton tana kallon waje, a bar ta kwanaki ko makonni, ana dubawa duk bayan kwana biyu ko uku. Tana aiki, wannan ba gardama. Amma a Legas tana da sharuɗɗan da Bature mai ba da wannan shawara bai san da su ba. Ledar da ka rufe da iskar damina a ciki, da rana ta buga ta za ta yi gumi, gumin nan kuwa ya isa ya tada gam. Dole ka jefa 'yar jakar ƙwayoyin shan laima a ciki, irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka kuma cire ledar daga taga da dare. Tagar luba ba wurin wannan aiki ba ce, feshin ruwa yana shigowa. Gilashi mai duhu kuma yana tare hasken da kake nema. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ɗan hunturun da ke isowa Legas ya busar da iska.

Sai illolinta. Rana ba ta zaɓen abin da za ta koɗar, ja ne yake fara tafiya, don haka takardar da ke cike da jajayen taurarin Rasha ko da'irar Japan tana son sa ido fiye da mai baƙaƙen lambobi. Zafi yana ƙara wa banish bushewa. Rawayar kuma takan dawo a hankali bayan shekaru. Ni a ganina mutane suna shanya fiye da yadda ake buƙata. Rawayar ta fi fitowa ne a fatar nan mara launi da ke kewaye da hoto. In ka bi gefen hoton da sabuwar reza ka yanke fatar, rabin matsalar ya tafi. Sauran rabin, a jikin tankar yaƙi ko jirgi mai fentin kore da ƙasa-ƙasa, ba wanda zai gani. Inda shanya ta zama dole shi ne farin jirgin fasinja, ko mai launin azurfa, ko motar tsere, wuraren da ɗan rawaya kaɗan ke tona asiri.

Ga sitikar da ta tsattsage kuwa, rana ba ta da abin yi. Sai an yi mata sabuwar fata a sama wadda za ta riƙe gutsattsarin. Nan ne zaɓi ya yi yawa, nan ne kuma aka fi yin asara.

Abin da aka yi musamman don wannan aiki shi ne Liquid Decal Film na kamfanin Microscale da ke Amurka. 'Yar kwalba ce, ruwan ciki mai ɗan kauri. Ka tsoma burushi mai laushi da faɗi, ka ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, kada ka koma ka gyara. Da farko za ka ga sawun burushi ka ɗauka ka ɓata, amma kafin kwata na awa ya kwanta ya ɓace, sai ɗan sheƙi. Falalarsa ita ce fatar da yake bari siririya ce mai lanƙwasuwa, tana bin ƙusoshi da layukan jikin jirgi, kuma ruwan tausasa sitika yana ratsa ta. Matsalarsa ɗaya ce, samuwa. Ba abin da za ka shiga kasuwar Idumota ka tambaya ba ne. Ruwa ne mai kama wuta, masu sayarwa da yawa a waje ba sa yarda su aiko da irinsa ta jirgin sama, in sun yarda kuɗin aike ya ninka kuɗin kwalbar. Amma kwalba guda tana shafe takardu masu yawa, don haka in ku uku ne ko huɗu masu wannan sha'awa, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya.

Abin da ke kusa da hannu shi ne banish mai sheƙi na masu zane, irin na akirilik da ake tsinkawa da ruwa, wanda ake samu a shagunan kayan zane wajen Yaba, inda ɗaliban Yabatech ke sayayya. Ba ya cin tawada, wannan ce babbar falalarsa. Sai dai da ruwa aka haɗa shi, in ka jiƙa takardar da yawa zai ratsa ta tsagun ya tada gam ɗin ƙasa, ko ya manne hoton da takarda gaba ɗaya. Shafa biyu sirara, da tazarar yini a tsakani, sun fi shafa ɗaya mai kauri. Fatarsa ta fi ta Microscale tauri, a kan fiffike mai shimfiɗe ba ka da matsala, a kan hancin jirgi mai lanƙwasa za ta yi maka gardama. Tsofaffin masu wannan aiki a Turai da Amurka sun daɗe suna yabon wani man goge daɓe na kamfanin SC Johnson, wanda aka sani da Future a Amurka, Klear a Ingila. An sauya masa suna sau da yawa, yanzu ma samunsa wuya. Kada ka karanta labarinsa ka je ka sayi kowane man daɓe a kanti, ba abu ɗaya ba ne.

Gwangwanin feshi na banish, irin na masu fentin mota, shi ne mafi sauƙin samu kuma mafi haɗari. Sinadarin cikinsa yana da zafi, in ka matso kusa ka jiƙa takardar, tawada za ta narke ta bazu a gabanka. Wanda ya iya yana tsayawa nesa da kamu ɗaya da rabi, ya wuce da sauri, ƙura-ƙura kawai ta sauka, ya jira ta bushe, ya sake, sau uku ko huɗu. Ko ka iya ɗin, laimar Legas tana da nata: banish ɗin feshi a ranar da iska ta jiƙe yakan bushe da farin hazo a kansa. In dole sai shi, ka zaɓi tsakar rana mai haske, ko ɗaki mai na'urar sanyaya iska in akwai wuta. Jan farce mara launi kuwa, wanda na san zuciya za ta raya maka don yana nan a kan madubin uwargida, bar shi inda yake. Ya yi kauri, kuma yana narkar da tawada.

Duk wanda ka shafa cikin waɗannan, ka tuna takardar ta zama fata guda. Sai ka yanke kowane hoto daf da gefensa, in ba haka ba zai taso da maƙwabtansa. Ka kuma kiyaye jeri: shanya tukuna, sannan shafa.

Gam da ya mutu shi ne mafi sauƙin magani, ba sai an daɗe a kansa ba. Ɗigon farin gam na kafintoci, irin Top Bond, a cikin cokalin ruwa, ka shafa a wurin da sitikar za ta zauna, ka ɗora, ka danne da audugar goge kunne daga tsakiya zuwa gefe, ka share abin da ya fito kafin ya bushe. Mr. Mark Setter na Japan yana yin wannan aikin, da ɗan gam a cikinsa. Micro Set, ruwan kwantar da sitika na Microscale mai shuɗin rubutu a kwalba, warin khal yake yi, kuma farin khal da aka tsinka da ruwa yana kusa da shi. Micro Sol mai jan rubutu ya fi ƙarfi, a kan tsohuwar sitika sai an gwada a gefe. Kowanne ka yi, jikin jirgin ya kasance mai sheƙi kafin ka ɗora, domin fenti mai kaushi yana ɓoye iska a ƙarƙashin fatar, ta bushe tana ƙyalli fari-fari.

To in fumfuna ta ci cikin tawada, ko takardar rufi ta manne ta ƙi fita, ko kyankyaso ya cinye rabin tuta? Nan ceto ya ƙare, sai maye gurbi, kuma hoton sikanar nan ya zama jari.

A lissafi, bugawa ita ce hanyar da ta fi dacewa da Legas. Muna da Shomolu, unguwar masu ɗab'i, inda kusan kowane lungu akwai yaron da manhajar zane ta CorelDRAW ke hannunsa, muna da Computer Village a Ikeja in firinta kake nema. Kuma sake zana hoton shi ne daidai, ba buga hoton sikana kai tsaye ba, don shi zai fito da rawayarsa da tsagunsa. Wanda ke son yi da kansa, manhajar Inkscape kyauta ce. Amma ka shirya wa abu uku. In ka shiga shago ka nuna takardar, abin da za ka ji shi ne, "Alhaji, ai sitika ce, yanzu za a buga maka." Sitikar leda yake nufi, mai gam a baya, irin ta jikin Keke Napep. A jirgin da aka rage girmansa sau 72, inda tambari mai faɗin mita guda bai wuce milimita 14 ba, kaurin ledar nan ya ɓata komai. Takardar sitikar ruwa ta musamman ce, kai za ka zo da ita. Iri biyu ce kuma, ta firinta mai tawadar ruwa da ta mai garin tawada, ba a musanya su, don zafin mai gari yana iya narkar da wadda ba tasa ba a cikin injin mutane. Mai tawadar ruwa sai an fesa mata banish bayan bugu, in ba haka ba tana shiga faranti launin ya wanke. Ka ga an dawo kan gwangwanin feshi da laima. Saboda haka ni mai gari nake zaɓa.

Abu na ukun shi ne babba: firintar gida da ta ofis ba ta buga fari. Farin da kake gani a takarda, na takardar ne. A kan takarda mara launi, duk inda fari yake rami ne, kuma rawaya da ja suna nutsewa su ɓace in aka ɗora su a kan fenti mai duhu. A kan farar takarda launuka suna fitowa, amma sai ka yanke kowane hoto daidai gefensa, kuma farin bakin yankan yana leƙowa. Da can akwai firintocin ALPS na Japan masu buga fari da azurfa, an daina ƙera su tun tuni. Akwai na OKI masu farin gari, in ka dace da shagon da ke da ita kuma ya yarda ya saka takardarka. Don haka bugawa ta fi kyau ga baƙaƙen lambobi da haruffa, da duk abin da zai hau farin jiki. Wanda ke son mai da tsohon DC-10 ko Boeing 707 na roba ya zama na Nigeria Airways, da koren layinsa da giwar nan mai fukafukai, ya samu hanya, don jikin fari ne. Kamfanin ya daina tashi tun 2003, a kan kantar ɗakinka kaɗai za a sake ganinsa.

Sayen sabuwar takarda daga waje ba shi da dogon bayani. Hannants na Ingila suna buga nasu da sunan Xtradecal, Microscale ma suna bugawa, akwai wasu da yawa. Takarda ce, tana shiga ambulan, ɗan'uwa mai dawowa daga Landan zai sako ta a cikin littafi ba tare da ya ji nauyi ba, saɓanin kwalba. Ka duba shafin intanet na Scalemates tukuna ka ga tarihin kwalinka, domin tsofaffin samfura da yawa an sake fitar da su da sabuwar sitika. Airfix suna yin haka tun 2018 da sunan Vintage Classics, Revell kuma sun sake fitar da da yawa daga cikin na Matchbox. Inganci ba a magana, ita ce ta fi kowace hanya. Lissafin ne kawai: da fam ake biya, kwalin kuwa da canjin aljihu ka tsince shi a gwanjo.

Akwai hanyar da aka fi mantawa da ita, kuma ga mai son jiragen gida ita nake fifitawa, wato fenti. Ɗauki Alpha Jet, wanda Matchbox da Heller da Airfix duk sun yi a ma'aunin 1/72. Takardar da ke cikin irin wannan kwali yawanci ta Faransa ce ko Jamus, ƙasashen da suka ƙera jirgin. Rundunar sojin saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964, ta karɓi nata a farkon shekarun 1980. In na Najeriya kake so, me ya kai ka wahalar ceton tutar Jamus? Tambarinmu da'ira uku ne a cikin juna, kore, fari, kore, tutar wutsiya kuma layi uku. Ka fesa fari, ka yanke da'ira a salatif ɗin fenti da kamfas mai reza, ka rufe zoben da zai zauna fari, ka fesa kore. Babu fata, babu rawaya, babu ƙyalli, kuma matsalar farin nan da ta gagari firinta ta kau. Haruffan NAF, gajeren sunan rundunar, da lamba baƙaƙe ne, su ne firinta ta fi iyawa. Daga tsohuwar takardar abin da za ka cece kawai ƙananan gargaɗin kujerar tsira da alamun wurin zuba mai. Haka za ka yi wa MiG-17 ko L-29 na zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko MiG-21 da ya zo bayansu. Iyakar fenti ita ce ƙanƙanta: da'irar da ba ta kai milimita biyar ba tana son hannun da ya saba, tambarin runduna mai hoton dabba kuwa ba ya yiwuwa.

In za a tambaye ni inda mutum zai sa kuɗinsa na farko, kwalbar Microscale ce, domin tsagewa ita ce cutar da ta fi yawa kuma ita ce ba ta ba da dama ta biyu. In ba ta samu ba, banish ɗin Yaba, siriri, a kan abin da zai hau shimfiɗaɗɗen wuri. Shanya sai ga farin jirgi, kuma da hunturu. Shomolu ga lambobi da jiragen fasinja. Ambulan daga Ingila sai in jirgin yana da wani matsayi a wurinka da ya wuce kuɗinsa.

Mutum ɗaya ne duk wannan bai shafa ba, wanda ya tsinci kwalin da ya tsufa ƙwarai, misali Airfix na cikin leda irin Spitfire ɗinsu na shekarun 1950, kuma yana tunanin sayarwa wata rana. Masu tara irin waɗannan sun fi son takardar yadda take, da rawayarta, a kan wadda aka shafe, kuma shafa ba ta gogewa. Shi nasa aikin ya ɗauke ta da sikana, ya raba ta da takardar rufi in tana fita, ya saka ta a leda mai zif da ƙwayoyin shan laima, ya ajiye a kwance cikin akwatin roba mai murfi, nesa da bangon da ke jan ruwa da damina. In sha'awar haɗawa ta motsa, ya nemi wanda aka sake fitarwa ya haɗa wancan.